Ɗahiru da Bashin Badagiri

A ranin shekarar 1979 ne Ɗahiru ɗan 'Yandoto ya fara haɗuwa da Sewanu masunci, a bakin tekun Badagiri, can yamma da Ikko. Ɗahiru saurayi ne a lokacin, manomi ɗan manomi. Da aka gama kaka ya ɗaure buhunan barkononsa biyu, ya bi motar shanu zuwa kudu cin rani.

Kafin ya shiga kasuwa ya ce sai ya ga ruwan nan da ake cewa ba shi da ƙetare. Bai yarda ya bar wa kowa kayansa ba, sai ya shiga kwalekwale da su, aka haye da shi tafkin da ya raba gari da teku. A hanya ruwa ya fantsamo ya jiƙa buhunan. Da ya ratsa itatuwan kwakwa sai ga farin yashi shimfiɗe, rana na dukansa. A gida, in rani ya yi, gulbi kan janye ya bar yashi, a yi ta shanya a kai, ba mai tunanin ruwa sai damina ta faɗi. Ɗahiru ya dubi sama, babu ko gajimare. Ya baza barkonon can kusa da ruwa inda yashi ya fi tsabta, ya koma inuwa ya yi azahar, barci ya kwashe shi.

Dariyar wani ce ta tashe shi. Wani gajeren mutum ne tsaye da taru a kafaɗa, yana nuna masa teku. Ruwa ya cinye wurin shanyar ƙaf, noman shekara guda na yawo ja wur a kan kumfa.

"Aboki," in ji mutumin da Hausar da ya tsinta wajen fataken goro, "kai ne ka zo yi wa teku miya?"

"Wanga ruwa daga ina?" in ji Ɗahiru. "Ko yayyafi ba a yi ba!"

"Namu ba ya jiran damina. Kullum sai ya zo ya koma, kamar mai zuwa zance."

Da mutumin, wato Sewanu, ya ga hawaye a idon baƙon, sai dariyar ta tsaya. Ya ja shi gida. Ranin nan kaf a ɗakinsa Ɗahiru ya zauna, yana taya jan taru. Sewanu Kirista ne, amma ya share masa wuri mai tsabta ƙarƙashin bishiya don salla. Ranar da ba a fita su, sai ya zaga da shi gari: tsohon gidan benen 'yan mishan mai matakalar katako, da kasuwar da aka taɓa sayar da bayi, da sarƙoƙin da har yanzu ake ajiye da su, da doguwar hanyar yashi wadda aka riƙa bi da mutane zuwa jirgi, ba dawowa. A wannan hanya Sewanu ba ya wasa. Har Ɗahiru ya tsufa, duk ma'aikacin Tsafe, garin da ke kusa da 'Yandoto, da zai tafi hutu kudu, yakan ce masa, "Ka ga benen, ka sha ruwan kwakwa, amma hanyar nan ka bi ta da ƙafa, kuma ka yi shiru."

Da damina ta kusa ya yi sallama. Ya ce wa Sewanu, "Na ci gishirinka. Sai ka zo ka ci dawata."

Sewanu bai zo ba. Shi ma Ɗahiru aure da noma da jinyar iyaye suka riƙe shi. Abin ya tsaya masa a rai, don a wurinsa wanda ya ci tuwon mutum bai rama ba, da kaya zai tafi kabari. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a: duk ranar kasuwar Tsafe yakan je tasha ya leƙa motocin kudu yana tambaya ko akwai ɗan Badagiri. 'Yan kamasho har sun haddace.

"Baba na teku, yau ma ba su zo ba. Ko kifi ya hana su?"

"Kai dai loda motarka, ɗan nema. Kai da ko rijiya tsoronta kake."

Wani direba ne ya kawo masa labari cewa Sewanu ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun watsu cikin Ikko. Zulai matar Ɗahiru ta ce, "Malam, to ai shi ke nan. Ka yi masa fatan alheri ka huta." Ya ce mai bashi ne ya mutu, ba bashin ba.

Bara waccan, ƙafa ta riga ta yi nauyi, ido ya rage, ya ga wata yarinya zaune kan akwatinta a tasha, ta rasa inda za ta nufa. Ma'aikaciyar jinya ce da aka turo aiki, ɗakin da aka yi mata alkawari bai samu ba. Sunanta Senami. Ya yi tambayarsa ta kullum, ta ce Badagiri. Ya tambaye ta ko ta san gidan Sewanu masunci. Ta ce ba ta taɓa jin sunan ba.

Duk da haka Ɗahiru ya ce, "Taso, ɗiyata."

Ya sa aka kwashe harawar da ke ɗakin kusa da na Zulai, aka yi shafe, aka sa ƙyaure. Shekara guda Senami ta yi a gidan. Tuwon dawa ya gagare ta da farko, Zulai ta riƙa dafa mata shinkafa daban har ta saba. Kowace Lahadi akwai ɗan kabu-kabun da Ɗahiru ya amince da shi, mai kai ta coci ya dawo da ita. Sau da yawa ta kawo kuɗin haya, yakan ce ta ajiye sai ya nema. Da ta matsa ta ce, "Baba, me na yi maka haka?" sai ya ce, "Ke dai ci abincinki, zai huce."

Ranar da aka mayar da ita kudu ya raka ta har mota, ya sa aka ɗora mata buhun wake. Bai gaya mata bashin Sewanu ne ya biya ba. Ya dawo gida a hankali, ya zauna bakin zaure ya miƙe ƙafa, ya ce wa Zulai a mayar da harawar ɗakin da Senami ta bari kafin awaki su gama da ita.