Ranar da Kaka Ta Karɓi Rimot

Abin da na fara lura da shi da na shiga gidan Kawu a Barnawa shi ne an janye teburin gilashi daga tsakiyar falo, an jingina shi da bango. Kujeru ma an tura su baya. Fili ne fetal a gaban talabijin, kafet ɗin wurin har ya fara koɗewa. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, na zo hutun Kirsimeti daga Romi.

Da yamma na gane dalili. Kawu ya sayo wa 'ya'yansa na'urar gem, ɗan akwati ne da ke zaune a ƙarƙashin talabijin, da rimot guda biyu masu tsawon gaɓar rake. Ba danne-danne ake yi da su ba. Igiya ake zurawa a wuyan hannu, sai mutum ya motsa. In ka kai naushi, ɗan mutumin da ke cikin talabijin ya kai naushi. In ka jefa hannu gaba, ƙwallo ta gangara ta watsa kwalabe. Wasannin ƙanana ne, sun fi ashirin, kowanne minti ɗaya ko biyu ya ƙare. Ban taɓa ganin abin da ya tara mutanen gida haka ba. Kawu, wanda a coci ba a jin tarinsa, yakan dawo daga ofis ya tuɓe ya bar singileti, ya yi ta dambe da iska yana haki. Matarsa, da muke kira Anti, ta fi kowa iya na rawa.

Dokar gidan ita ce wanda ya faɗi ya miƙa rimot. Duk sanda layi ya zo kaina sai in ce, "Ku yi, ina kallo." Kunyar tsayawa a tsakiyar falo nake ji, kowa na kallon bayana. Daga lungun da nake zama na gane wani abu: na'urar ba ƙarfi take so ba. Yaya, babban ɗan Kawu, yana wurga hannu kamar mai saran itace, amma wuyan hannu kawai take saurare.

A lungun nan ba ni kaɗai ba ce. Kaka, mahaifiyar Kawu da mamata, tana zaune kusa da ni, ƙafarta ɗaya a miƙe kan filo. Daga ƙauye aka kawo ta saboda gwiwarta, za a yi mata aiki bayan sabuwar shekara. Likita ya ce in ba a yi ba, nan gaba ko ƙofar ɗaki ba za ta iya kaiwa ba. Anti tana girmama ta ƙwarai, kuma a wurinta girmama surukuwa shi ne kada ta ɗaga ko tsinke. Kaka ta ɗauki wuƙa za ta yanka kuɓewa, sai a ce, "Mama, ki huta." Ta jawo kaya za ta ninke, "Haba Mama, ga yara nan." Sati biyar ke nan tana hutawa.

Ranar Laraba muna cin abincin rana ta ture kwanonta.

"Jibi zan koma gida," in ji ta.

"Mama, aikin fa?" Kawu ya tambaya.

"Ku bar ni da gwiwata. Ni ba hoto ba ce da za a rataye ni a falo. Ko akuya aka ɗaure ana ba ta abin tauna."

Kawu ya roƙe ta da Hausa, ya koma yarenmu, bai samu kanta ba. Anti ta tashi ta shiga kicin idonta ya yi ja. Kowa ya san Kaka, in ta ce jibi to jibi ne, ko da kuwa a bayan motar gawayi za ta zauna.

Da la'asar yara suka kunna gem, ba ihu kamar kullum. Suka zaɓi wani wasa da ya gagari kowa. Faranti ne mai faɗi a cikin talabijin, da ramuka, da 'yan ƙwallaye a kansa. Sai ka karkata rimot a hankali har kowace ta faɗa raminta. In ka cika karkatawa, su zube ƙasa. Yaya bai taɓa wuce mataki na huɗu ba.

Ina kallon Yaya yana fama da shi sai idona ya sauka kan cinyar Kaka. Hannayenta biyu a buɗe suke, kamar ta riƙe wani abu mai faɗi. Suna karkata hagu kaɗan, su tsaya, su yi 'yar girgiza, su dawo. Fuskarta a ɗaure take, amma hannayen suna gyara kuskuren Yaya tun kafin ya yi shi. Na san wannan motsi. Haka take riƙe faifai a ƙauye in tana raba hatsi da tsakuwa.

Ƙwallayen Yaya suka zube. Ya miƙo mini rimot don cika doka kawai, har ya fara juyawa wajen ƙanwarsa. Sai na karɓa.

"Iye! Yau bebiya za ta yi wasa," in ji shi.

Na juya na durƙusa gaban Kaka, na miƙa mata da hannu biyu.

"Me zan yi da wannan rogon?" ta ce.

"Faifai ne, Kaka," na ce. "Waɗancan tsakuwa ne."

Ta dube ni, ta dubi talabijin. Ta ƙi a zura mata igiyar, wai ita ba tunkiya ba ce. Ta kwantar da rimot ɗin a kwance tsakanin tafukanta biyu, abin da babu wanda ya taɓa yi a gidan. Da farko ta cilla hannu sama kamar mai bakace, ƙwallayen suka watse, yara suka fashe da dariya.

"Matata, ki bari kawai, wannan ba na tsofaffi ba ne," in ji Yaya, da irin wasan jika da kaka.

"Rufe mini baki, mijin banza, wanda bai iya riƙe faranti ba. Sake kunna mini."

A karo na biyu kafaɗunta ba su motsa ba. Wuyan hannu ne kawai da yatsu. Ƙwallo ta farko ta gangara sannu-sannu, ta tsaya a bakin rami kamar mai neman izini, ta faɗa. Kaka tana tura biyu gefe guda ta ajiye su, ta kai ta uku gida, sannan ta dawo kansu. Ta wuce mataki na huɗu ba ta sani ba. A na shida Yaya ya zauna a ƙasa ya dafe kai. A na takwas Kawu ya fito daga ɗaki da jarida a hannu, ya tsaya baki buɗe.

"Mama, a ina kika koya?"

"Tuwon da ya girmar da kai, ka taɓa cin tsakuwa a ciki?"

A mataki na tara wasan ya ƙare, talabijin ya cika da taurari da tafi. Kaka ta yi dariya har da share ido, dariyar farko da na ji daga bakinta tun zuwana. Ta miƙa wa Yaya rimot. Daga nan ta dubi tafukanta, dariyar ta ragu.

"Abin da daɗi," ta ce, "amma ba wanda zai ci."

Ba ta ce ta fasa tafiya ba. Na san kuma gem ba zai riƙe ta har sabuwar shekara ba.

Na samu Anti a kicin ita kaɗai, ta zuba waken alalar gobe a babban tire tana tsincewa a tsaye, tana duba tukunya a kan wuta. Ban taɓa fara yi mata magana ba sai gaisuwa. Na daɗe a bakin ƙofa ina murza gefen siket ɗina, har ta ɗago.

"Yaya dai, 'yata? Yunwa kike ji?"

"A'a, Anti." Na matso kusa da ita. "Likita gwiwa ya ce Kaka ta hutar, bai ce hannu ba. Don Allah ki ba ni tiren nan in kai mata."