Fitilar Murjanin Malam a Cikin Takabata

Ɗiyata ce ke riƙe da biro, ni ban yi boko ba. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in kuka ya zo mini ta jira.

Mu 'yan Jos ne tun zamanin kuza, haƙa ce ta kawo kakanninmu. Ban taɓa ganin teku ba. Malam, mijina, shi ya gan shi, don ya daɗe yana gyaran wutar lantarki a tashar jiragen ruwa ta Legas. Da ya bar aiki ya dawo gidanmu na wajen unguwar Abattoir, sai ya taho da wani akwatin gilashi mai girman gadon jariri. Ya cika shi da ruwan da yake haɗawa da gishiri na musamman, ya jera duwatsu, ya ɗora wasu abubuwa a kansu ya ce murjani ne. Na ce murjanin da na sani ja ne, mai tauri, a wuyan amarya. Ya ce wannan danginsa ne mai laushi, kuma yana da rai.

Iri biyu ne. Ɗaya launin ƙasa, mai faɗi kamar kunnen saniya, ba shi da wani kyau. Ɗayan kuwa 'yan hannuwa ne ƙanana a kan kara, suna buɗewa suna rufewa duk yini kamar jariri na neman nono. Shi Malam ya fi so.

A saman akwatin akwai dogayen ƙwan fitila biyu, fari da shuɗi. Da hantsi yakan kunna shuɗin, farin ya biyo baya. Da magariba ya kashe farin, shuɗin sai an yi isha'i. In aka ɗauke wuta da rana, ko yana tsakiyar cin abinci sai ya miƙe ya tada janareta.

Na ce, "Malam, ni a duhu nake tuƙa tuwo, ba ka taɓa ƙona mini mai ba."

Ya ce, "Ke ai kina da baki, Hajiya, kuma kowa a layin nan ya shaida. Su hasken ne tuwonsu."

Ya ce akwai wani ɗan tsiro a cikin naman jikinsu da ido ba ya gani, shi ke shan haske ya ciyar da su. Da kunne ɗaya na saurara. Na ɗauka Malam na nan, me zan yi da sanin?

Da damina ya rasu, ciwon bai daɗe ba.

Yayarsa ta zo daga Kuru ta zauna da ni. Yaya mace ce mai tsari, ita ta ɗaura mini takaba. Ta kife madubina, ta ja labulayen falo, sai idonta ya faɗa kan akwatin, shuɗin haske na ta wasa a bango.

Ta ce, "Gidan makoki ne nan ko otal?"

Na ce, "Yaya, na Malam ne."

"Na sani na ƙanena ne, tun yana yaro haka yake da tara shirgi. Mai takaba ba ta duba fuskarta, ga gilashi ƙato a gabanki. Rufe shi."

Ta zare wayar fitilun daga bango, ta lulluɓe akwatin da zanenta mai kauri. Injin da ke motsa ruwan da abin ɗumama shi ta bar su, don na ce mata sanyin Jos zai kashe abin da ke ciki. Maganar haske ce ban iya yi ba. Ta yaya matar da aka binne mijinta jiya za ta buɗe baki ta roƙi fitila mai launi? Mata cike da falo, kowa na kallon ko na yi kuka isasshe.

Na zauna a tabarma kamar yadda ake so, amma zaman bai zaunu ba. Da hantsi ƙafata takan motsa da kanta. In miƙe kamar zan ɗebo ruwa, in zagaya ta gefen akwatin, in dawo. Ina amsa gaisuwa, kunnena na kan ƙarar injin a ƙarƙashin zane. Ina jan carbi in ɓace a tsakiya in sake. Yaya ta ce ko tabarmar da ƙaya ne. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ba ta tafi ba. Sau ɗaya tana banɗaki na ɗaga bakin zanen. 'Yan hannuwan sun dunƙule, mai kunnen saniya ya kwanta a kan dutse kamar tsumma. Na ji tarinta na saki zanen.

Abin da ke cin raina shi ne, a duk gidan nan su kaɗai ne masu rai da hannun Malam ya raina ya bari. 'Ya'yanmu sun yi aure sun watse. Rigunansa za a raba. In waɗannan suka mutu a hannuna, me ya rage da ke motsi?

Ranar da Yaya ta koma Kuru, ban jira motarta ta bar layin ba na yaye zanen. Na kunna fitilun biyu lokaci guda. Na duba na ga bai isa ba, abin da ya yi makonni da yunwa. Rana kuwa ta fito tas bayan ruwan safe. Na zuge labulaye, na buɗe taga, na ɗauko babban tiren aurena mai ƙyalli na jingina shi a kujera ya kwaso ranar ya watsa cikin ruwan. In ranar ta gusa in gusar da tiren. Haka na yini ina bin rana da tire, washegari ma haka, ina jin daɗi wai ina rama musu.

A yini na uku 'yan hannuwan suka yi fari kamar an jiƙa auduga. Mai kunnen saniya ya yi wani ƙyalli kamar an shafe shi da kakin zuma, ya ƙi buɗewa.

Ban da ikon fita, ban san wa zan tambaya ba. Na yi ta kai da kawo tsakanin falo da tsakar gida har ƙafafuna suka kumbura. Allah ya kawo abokin Malam, wani dattijo Kirista daga Anguwan Rukuba, tare suka yi aiki a Legas. Ya zo sake gaisuwa ne. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule.

Ya ce, "Hajiya, yaya haƙuri? Yaya gonar oga?" Haka yake kiran akwatin.

Sai na fashe da kuka, na gaya masa komai, har da tiren. Na koma ɗaki ya shiga ya duba. Da ya fito ya ce shi wuta ya sani, bai san murjani ba, amma yana da lambar mutumin Legas da ya sayar wa Malam. Ya buga masa a wayar hannu, na ji suna ta magana da Turancin kasuwa.

Ya dawo bakin labule ya ce, "Hajiya, ku in kun sha ruwa da azumi, da sakwara kuke farawa?"

Na ce, "Da kunu."

"To ke sakwara kika ɗura masu, da ƙashin saniya a kai. Mutumin ya ce duhu ya raunana su, hasken da ya zo gaba ɗaya ya ƙone su. Ranar taga kuma tana dafa ruwan. A rufe labule, a ajiye tire. A sa wani abu mai huji-huji tsakanin fitila da ruwa, ninki da yawa, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Lokacin kunnawa da kashewa kar ya canza."

Na ce, "Za su tashi?"

Ya ce, "Ya ce mai faɗin yana da taurin rai. Ɗayan kuma sai addu'a. Ki yi taki, in yi tawa."

Abu mai huji-huji a gidan ɗaya ne, gidan sauron Malam, yana rataye inda ya bar shi, da ƙamshin turarensa. Na sauke shi, na sa almakashi ina kuka. Na ninka shi na shimfiɗa a bakin akwatin, nesa da zafin ƙwan. Ban iya karanta agogo sosai ba, sai na bi ladan kamar yadda Malam ke yi. Duk Juma'a in cire ninki ɗaya. Tsakanin Juma'a da Juma'a kuwa hannuna ƙaiƙayi yake, in je in kama bakin ragar in ce bari in cire biyu, in tuna sakwara in sake ta. Na koyi jan igiyar janareta da tsufana. Maƙwabta suka ce mai takaba ta fi mai shago son wuta.

'Yan hannuwan ba su tashi ba. Sun narke a hankali har dutsen ya zama tsirara. Na yi musu kukan da na ji kunyar a ji, na cusa mayafi a baki. Mai kunnen saniya ya daɗe a kwance, sannan wata safiya ya saɓule wata 'yar fata kamar maciji. Bayan kwana biyu sai ga ƙananan gashi sun fito a duk jikinsa, kowane da ɗan fure a kai, ruwa na kaɗa su.

Yaya ta dawo ranar fitata daga takaba. Ta tsaya gaban akwatin ta daɗe, shuɗin haske a fuskarta.

Ta ce, "Wannan mummunan ne ya hana ki zama?"

Na ce, "Shi ne, Yaya. Mai kyan ya bi maigidansa."

Ta ɗauke zanenta da na ninke mata ta sa a jaka.

An yanka rago, mata sun ce in shirya a kai ni zaga dangi. Na je, amma ko gida uku ban shiga ba na ga rana ta karkata, na ce a mayar da ni. Har yau haka nake. Ko biki ne ko suna, da la'asar ta yi sanyi sai in fara neman takalmana, don farin ƙwan na jiran a kashe shi da magariba. Dutsen da 'yan hannuwan suka zauna yana nan a wurinsa, ban ɗora komai a kai ba.