Muryar da Na Kwafa, Muryar da Na Goge

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mai gyaran kwamfuta ne a Birnin Kudu, mai tumbi da surutu, irin mutumin da in ya ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama kura a bakinsa. Shago ɗaya muke da wani abokina, shi mai natsuwa, ni mai baki. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, tana sayar da dafaffiyar gyaɗa a ƙofar shagon. Tana da hawan jini, ga mantuwa, ga gardama a kan magani. Da Allah ya yi wa abokina rasuwa, Inna ta daina fitowa, ni kuma na lulluɓe kwamfutarsa da tsohon zani, ban ƙara kunna ta ba.

Bayan wasu watanni wani Alhaji a Gwaram ya buɗe wurin koya wa ɗalibai jarrabawa a kwamfuta, ya ba ni aikin haɗa kwamfutocin. A majalisa nakan ce sun kai dubu, amma gaskiya ɗaki ɗaya ne suka cika. Shirya su ɗaya bayan ɗaya sai mutum ya yi furfura. Yadda muke yi shi ne a shirya guda tsaf, sannan a kwafe faifanta, wato ma'ajiyar da komai nata ke ciki, sukutum a zuba wa sauran, duk su zama kamar tagwaye. Sai na tuna ta marigayi a shirye take, ba abin da ta rasa. Na ciro faifanta na yi ta kwafa, ban ko leƙa abin da ke ciki ba.

Ranar buɗewa an yi addu'a, an raba lemo, ina ta cika wa baƙi baki. Rana tsaka fa, dab da la'asar, sai muka ji gyaran murya daga kusurwar da babu kowa. Kowa ya waiwaya. Sai muryar abokina, wanda da hannuna na sa shi a kabari, ta ce, “Inna, la'asar ta yi, a sha magani. Da ruwa na ce, ba da goro ba.” Kafin ta rufe baki, kwamfutar da ke gefe ta ɗauka. Agogon kwamfutocin bai zo daidai ba, don haka muryar ta riƙa tasowa layi-layi, kamar mutum yana takowa a hankali zuwa inda nake tsaye. Alhaji ya fita ba takalmi. Ni ta taga na bi, tagar da har yau magina ke rantsuwa tumbina ba zai shige ta ba. Sai da na dira waje na tuna cewa marigayi ya naɗi muryarsa, ya sa kwamfutarsa ta riƙa tuna wa Inna magani in ba ya nan. Ni da kaina na sha tsokanarsa a kai.

Alhaji ya ce bai damu da bayanina ba, babu uban da zai turo ɗansa ɗakin da mamaci ke magana, in goge komai. Kafin in fara, direbobin tasha sun kai labari Birnin Kudu. Washegari sai ga Inna ta sauko daga mota, ta rame har na kusa kasa gane ta. Jikarta da ta rako ta ta raɗa mini cewa tun ranar jana'iza ba ta ƙara taɓa magani ba. Ta zauna a tsakiyar ɗakin ita kaɗai. Da muryar ta fara zagayawa, kowace kwamfuta ta yi magana sai Inna ta juya wajenta ta amsa da to, har ta ƙarshe. Sannan ta nemi ruwa. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta roƙe ni in bar mata guda ɗaya, ko da mafi lalacewar ce. Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama.

Na goge na Alhaji duka, ya rage faifan marigayi na asali kaɗai. Sai na ce bari in yi wa Inna kwafi na biyu saboda tsaro. Na'urar kwafin tana da rami biyu, na mai bayarwa da na mai karɓa. Ina cikin ba masu gadi labarin tagar nan, ina ƙara gishiri suna dariya, na sa faifan da ba komai a ramin mai bayarwa, na marigayi a ramin mai karɓa, na danna. Na'ura ba ta tambaya. Ta kwafe babu ta zuba a kan muryar abokina. Na kai faifan har Kano, kowa ya duba sai ya girgiza kai.

Da na je gaya wa Inna, ban samu ko wasa ɗaya a bakina ba. Ta saurare ni, ba ta yi faɗa ba, ta ce in zauna in ci gyaɗa. Muna zaune a tsakar gida, ba rediyo, ba waya, la'asar na yi sai ta ɗaga kai kamar an kira ta daga soro, ta ce, “To, na ji. Da ruwa.” Ta miƙa hannu ta ɗauko maganinta. Ni ban ji komai ba. Jikarta ta ce haka take yi kullum tun dawowarsu daga Gwaram.

Abin da na koya, kwamfutar mutum ɗakinsa ce, akwai abin da ya bari a ciki wanda ba naka ba ne. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, kafin ku kwafe faifai ku duba me kuke rabawa, kafin ku danna ku duba wa ke bayarwa wa ke karɓa, kuma ku rufe baki har a gama. Ni har yau ina surutuna, amma da la'asar ta kawo jiki nakan yi shiru, ko zan ji abin da Inna ke ji.