Tayil Mai Jirgin Ruwa a Bangon Kicin

Jama'a, yau saura ƙiris a farfasa min kayan tarihi, wai asiri ne!

Birkila ne yake gyara min kicin a tsohon gidanmu na Sabon Gari. Yana ɓamɓare filasta sai ga wani farin tayil mai zanen jirgin ruwa shuɗi. Maƙwabciyata Maman Sadiya ta leƙo, ta hango 'yan ƙananan huji a kusurwoyinsa. Ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Sukar allura ce, binne miki aka yi!" Ta rarumo taɓarya. Na ce wallahi ba ki isa ba!

Na sa birkilan ya ciro shi a hankali, na ɗauki hotonsa gaba da baya, na tura wa ƙanena da ke karatu a Holan. Nan take ya kira: "Yaya, kar ki bari a taɓa shi! Aikin hannu ne na nan ƙasar Holan. Hujin nan sawun ƙusa ne, na katakon da ake danne yumɓu da shi a yanka. Da wannan kaurin, ya haura shekara ɗari biyu!"

Maman Sadiya ta ce ba ta ƙara taka gidana sai na jefar da shi.

Na goge abina tas, na jingine shi a falo yana kallon ƙofa. Ta sha zamanta!