Ranar da Mai Dabo Ya Tsallaka Matata

Akwai wani tsoho da ke sauka ƙauyenmu, kusa da Tsarnawa, duk rani. Ranar kasuwar Illela yakan shimfiɗa buhu, ya fiddo ƙwai daga hular mutum, ya haɗiye allura ya zaro ta da zare. 'Yan kasuwa na ce masa mai dabo. Mata na ce masa boka, ko da yake bai taɓa ba kowa magani ba. Ni ne na fara ce masa maye.

Matata ce ta kwanta bayan haihuwa. Jikinta kamar garwashi, idanu a kafe. A rana ta huɗu ta shiga kiran tsohon, tana nuna bakin ƙofa inda babu kowa. A wurinmu, wanda majinyaci ya ambata shi ya kama kurwarsa. Na fita tsakar rana ina kururuwa, mutane suka jawo shi har ɗakin da take kwance.

"Ɗana, mi na yi maka?" in ji shi.

"Baba, sako mini mata."

Sai ya tuɓe rigarsa da kansa, ya juye hannun rigar. Ga ƴar jaka an ɗinke ciki. Ya nuna inda ƙwan ke ɓuya, ya buɗe baki ya nuna inda yake naɗe zaren. Abincinsa na shekara da shekaru ya tone a gabanmu.

"Kun gani? Wayo na kawai. Ko kaza ban iya kamawa."

Wani ya ce, "To tsallaka, in wayo na."

Ya tsallaka matata sau uku. Ya kurkure baki a ƙoƙo, aka ɗura mata. Kafin la'asar zufa ta karyo mata, ta nemi kunu.

Warkewarta ce ta kashe shi. Ba mai sayar masa da fura, ba mai tsayawa kusa da shi a sahun salla. Abin da ban faɗa ba shi ne, kwana biyu ke nan ina ba ta ƙwayoyin da na karɓo a likita a Ƙonni, a ɓoye, don uwata ta hana. Da aka kai maganar gaban mai gari, tsohon ya dube ni ya ce, "Ba ka ba ta komi ba, ɗana?" Na ce ban ba ta ba. Ya naɗe buhunsa ya bi hanyar Alela a ƙasa. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Sai da muka tsufa na tambaye ta abin da ta gani ran nan.

"Wasu ne dogaye, ba su da fuska, suna son shigowa," ta ce. "Shi ko ya tsaya bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, ya tare su. Kiransa nike kar ya tafi."