Minti Ɗaya da Rabi Babu Kiɗa

Shekara guda yayana ya ba ni. A gaban Inna ya faɗa, a tsakar gidanmu na Tarauni, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce in shekara ta zagayo ban samu aikin da za a nuna a ce nawa ba ne, in sayar da fiyanon da nake kiɗa da shi, in dawo shagonsa na kayan waya in riƙa liƙa wa mutane gilashi a fuskar waya. Ni kuma da baƙar zuciyata na ce na yarda, har ina cewa Inna ta zama shaida. Ita dai tsintar shinkafarta take yi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

A lokacin ina aiki a wani ɗan situdiyo a Gyadi-Gyadi, saman shagon wani tela. Kiɗan talla nake yi wa gidajen rediyo: sabulu, ganyen shayi, maganin basir. Duk Kano an san waƙar maganin basir ɗin nan, amma ai ba abin da mutum zai bugi ƙirji ya ce nasa ba ne.

Wani Bajapane ne ya jefa ni a wannan harka, shi bai ma san ina duniya ba. Muna yara muna da maƙwabta Kiristoci 'yan kudu, matar gidan tana aikin asibiti, su ne masu bidiyo a layinmu. Duk Asabar da hantsi 'ya'yanta sukan sa katun na Japan, mu cika mata falo da ƙafafunmu futu-futu. Ba na jin ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa, kiɗan ne ya kama ni. Sai da na girma na riƙe babbar waya sannan na binciko wanda ya yi shi, na bi tarihinsa kamar mai neman aure a gidansu. Da ƙananan ayyuka ya fara, sannan ya shiga yi wa katun na talabijin kiɗa mako-mako, daga nan manyan fina-finai. Na gan shi da furfura, tsaye gaban makaɗa birjik, da ɗan tsinke a hannu yana ba su umarni. Duk ranar da talla ta ishe ni, sai in ce wa kaina shi ma ai daga ƙasa ya taso.

Abu ɗaya na lura da shi a aikinsa, kuma shi ya kusa kai ni shagon waya. Inda baƙin ciki ya fi nauyi a labari, nan yake ɗauke hannunsa. Kiɗa ya tsaya ɗif, a bar ka kai da mutumin da ke cikin hoton.

Wata na goma sha ɗaya, lokacin abinci ma ya daina yi mini daɗi, wani darakta abokina ya zo da aiki. Fim ne mai dogon zango, wani Alhaji mai sayar da atamfa ne ya zuba jarinsa. Aka ba ni kashi na farko a matsayin gwaji: in Alhaji ya ji ya gamsu, duka nawa ne, in bai gamsu ba, masu fiyano sun fi a ƙirga daga nan zuwa titin gidan zu.

A kashin akwai wata mata da ta dawo daga asibiti, mijinta ya cika. Ta shigo gida, ta ga takalmansa a bakin ƙofa, ga butarsa da sauran ruwan alwalar asuba. Ta zauna a ƙasa. Minti ɗaya da rabi ke nan, ba ta ce uffan ba. Kowa a sana'armu ya san abin da ake sawa a irin wannan wuri: sarewa mai ja, da muryar mace tana rangaji a baya. Na yi, kuma wallahi ta yi daɗi. Sai na cire. Na mayar, na sake cirewa, kwana huɗu ina wannan hauka. Abin da ya hana ni sakat shi ne ranar da Babanmu ya rasu. Haka Inna ta zauna kusa da butarsa, ina tsaye a bakin zaure ina kallonta, ba abin da ake ji a gidan sai famfo yana ɗiga. A ƙarshe na bar wa matar ƙarar fanka, da kaza tana tono, da hon ɗin adaidaita can nesa.

Editanmu, ɗan kudu ne amma haihuwar Darmanawa, ya fi ni iya zagi da Hausa, ya saurara ya ce, "Oga, abin ya taɓa ni. Amma na rantse Alhaji cewa zai yi wayar lasifika ce ta cire."

Na ce masa ya tsaya a yankan hotonsa, kunne ba fanninsa ba ne.

Alhaji ya zo bayan azahar, ya hawo benen yana haki, ƙanshin turarensa ya cika ɗakin. Aka kunna. Kiɗan buɗewa ya burge shi, har yana kaɗa ƙafa. Ni kuwa idona na kan lambobin da ke tafiya a ƙasan kwamfuta, ina ƙirga saura nawa a zo wurin. Matar ta shigo, ta ga takalman, ta zauna. Ɗakin ya yi tsit.

Bai fi daƙiƙa goma ba Alhaji ya miƙa hannu ya ɗala wa lasifika mari. Shiru. Ya ƙara mata. Kai jama'a, sai ga dattijo da babbar rigarsa ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana laluben waya, yana cewa, "Kayan nan naku duk jabu ne." Edita ya sunkuyar da kai, darakta ya zuba mini ido.

Na ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Wurin ne babu kiɗa."

Ya ɗago, hularsa ta karkace. "Babu kiɗa kamar yaya? Mutane ai cewa za su yi talabijin ɗinsu ta lalace, su canza tasha. To ta ina ma za su san lokacin kuka ya yi?"

Amsar tana bakina, har na ji ɗanɗanonta: Alhaji, a ina ka taɓa ganin ana kiɗa a gidan makoki? Amma sai na hango kaina a bayan kantar yayana, ina hura ƙura daga fuskar wayar wani. Saura kwana goma sha biyu shekarata ta cika. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Na ce, "Mantuwa na yi, Alhaji. A yi haƙuri."

"Yauwa, yanzu na ji magana!"

Sarewar tana nan a ajiye, minti biyar bai cika ba na mayar da ita. Aka sake kunnawa, Alhaji ya ciro hankici ya share ido, ya ce aikin nawa ne har ƙarshe. Yayana da ya ji, ya ce ya janye maganarsa, har tsire ya aiko gida.

Ranar da aka maimaita kashin farko a talabijin, wata Lahadi ce da rana, ɗakin Inna ya cika da 'ya'ya da jikoki. Sunana ya wuce a rubuce, yayana ya sa yatsa ya nuna mata tunda ba ta karanta boko, ta ce Allah ya yi albarka. Ina zaune a bakin ƙofa ina jiran a zo wurin, ni kaɗai na san dalili.

Matar ta shigo, ta ga takalman. Sarewata ta tashi, muryar ta biyo ta. Sai na ga Inna tana laluben rimot a kan tabarma. Ta danna, ta danna, har sautin ya ɗauke gaba ɗaya. Jikoki suka fara ƙorafi, ta ɗaga musu hannu suka yi gum. Haka ta kalli matar nan har ta gama zamanta, ba ta ko ƙifta ido ba.

Sannan ta ce, "Wane marar tausayi ne yake busa wa baiwar Allahn nan sarewa, mijinta ko kai shi ba a yi ba?"

Yayana ya soma kame-kame. Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta juyo ta dube ni sosai. "Kai? Kai da kana tsaye a wurin ranar Babanku?"

Ta miƙo mini rimot ɗin, ta ɗauki butarta ta fita tsakar gida, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba.