Ku Nawa Ne a Gidan?

"Ku nawa ne a gidan?"

Tambayar da wani mai shago ya yi mini ke nan a unguwar Zahir ta Makka, cikin shekarun sittin. Tukunyarmu ta dumama ruwan wanka, mai aiki da kananzir, ta huje, ga sanyi ya shigo gari, na je sayen sabuwa.

Gidanmu cike yake da 'yan'uwa da suka sauke farali suka zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Na ce, "Ya ammi, me ya haɗa tukunya da ƙidaya?"

Ya ce, "Da yawan masu wanka ake zaɓen girmanta, ya waladi."

Na ce, "Mu uku ne."

Ya yi wani murmushi da ban yarda da shi ba, ya sa aka ɗora mini babbar a amalanke. "Ai mutum uku ma suna yin baƙi."

Har sanyin ya wuce, da an ƙwanƙwasa ƙofa sai ƙannena su haye soro. Ba wanda ya zo kama kowa, amma ban ƙara bi ta layinsa ba.

Jama'a, tausayi ne, ko gaya mini yake ya gane mu?